Kuliya Manta Sabo: Tarihin Alƙali a Talabijin da Sauran Labarin da Ke Jiran Marubuta

Makalarmu ta wannan mako ta tarihi ce, kuma ta shafi wasan kwaikwayon kotu, wanda da yawanmu muke kallo muna jin daɗi ba tare da mun waiwayi namu na gida ba.

A cikinmu akwai waɗanda suka kalli shirin nan na Amurka mai suna Suits tun daga farkonsa har ƙarshe. An fara nuna shi a 2011, aka kammala a 2019 bayan zango 9. Idan ka saurari hirar masu kallonsa, da wuya ka ji suna tuna wace shari'a aka ci, wace aka faɗi. Mutanen ofishin suke tunawa. Za a ba ka labarin Harvey Specter da ya ɗauki Mike Ross aikin lauya alhali ya san yaron ba shi da takardar shaidar karatun lauya, da yadda wannan sirri ya riƙa cin ofishin har ya kai Mike gidan yari. Za a ba ka labarin Louis Litt, wanda ya fara a matsayin mai hassada da neman a yaba masa, ya ƙare shi ne ke jan ragamar kamfanin. Wato dai shari'a ce ta tara su, amma zaman da ke tsakaninsu da yadda halinsu ya riƙa sauyawa shi ne ya riƙe mai kallo.

To mu ma mun taɓa yin namu shirin kotu, tun kafin a haifi yawancin 'yan wannan zaure. Sunansa Kuliya Manta Sabo, gidan talabijin na NTA Kano ne ya riƙa nuna shi, kuma Alhaji Daudu Galadanci ne ke fitowa a alƙali, har sunan Kuliya ya bi shi ya danne sunansa na yanka a bakin jama'a. Wannan suna na shirin shi kaɗai ya ƙunshi duk abin da ake nema a wasan kotu. Sai dai shirin ya ba da rabin labarin ne, sauran rabin yana nan yana jiran marubutan yau.

ME AKE NUFI DA MANTA SABO?

Kuliya manta sabo kirarin alƙali ne, ya girmi talabijin nesa ba kusa ba. Ma'anarsa a fili take: da zarar alƙali ya zauna a mazaunin shari'a, to bai san kowa ba. Abokin da suka yi karatun allo tare, da surukinsa, da attajirin da ya taimaka masa ranar sunan ɗansa, duk ɗaya suke da baƙon da ya shigo garin jiya. Wannan kuwa abu ne mai wuya a ƙasar da kusan komai da sabo ake samunsa. Da sabo ake ba ka bashi a kasuwa, da sabo ake ba ka aure, da sabo ake ara maka gona. Bahaushe ya ce sabo da maza jari, ya kuma juyo ya ce sabo turken wawa. Alƙali shi ne mutum ɗaya a gari da aka ce ya ajiye jarin a bakin ƙofa, ya kuma tsinke igiyar turken.

Malamanmu sun daɗe da sanin nauyin wannan. Littattafan Malikiyya da alƙalanmu suka yi karatu da su, irin su Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, ba su tsaya ga hukunce-hukunce kawai ba, sun shiga har cikin rayuwar alƙali ta yau da kullum. An hana shi karɓar kyauta sai daga dangi na kusa. An hana shi yanke hukunci yana cikin fushi. An ƙi masa saye da sayarwa a mazaunin shari'a. Ba ya yin hukuncin da zai amfani ɗansa ko mahaifinsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin miyagun al'adun mulkin da ya zo gyarawa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano wajen 1806 domin shiryar da masu mulki da masu shari'a. Da manta sabo abu ne mai sauƙi, da ba a ɓata tawada haka a kansa ba.

KOTUN ALƘALI A ZAMANIN EN'E

Da Turawa suka ci ƙasar nan ba su rushe kotun alƙali ba. Sun yi mata dokoki a 1900 da 1906, suka kasa kotuna daraja-daraja, suka hana wasu hukunce-hukunce irin su yanke hannu, sannan suka bar naɗin alƙali a hannun sarki da amincewar Razdan. Da aka kafa baitulmali sai aka yanka wa alƙalai albashi, kuɗin kotu da ushirar gado suka koma asusun En'e. A 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano da malamai daga Sudan, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci.

Ta nan alƙali ya zama ma'aikaci, kotu ta zama wurin aiki mai manya da ƙanana. Ga alƙali a zaune, ga muhuti a gefensa yana taya shi duba mas'ala, ga magatakarda yana rubuta abin da aka faɗa, ga masinja mai kai sammaci, ga ɗan doka a bakin ƙofa. A bisa su duka kuma ga sarki, wanda shi ya naɗa alƙalin, shi ne kuma zai iya tuɓe shi. Mahaifin Malam Aminu Kano, wato Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙalin Kano, saboda haka ɗan nasa ya san wannan duniya tun daga cikin gida.

Wannan tsari ya fuskanci babbar jarrabawa a shekarun 1950, lokacin da siyasar jam'iyyu ta shigo. 'Yan NEPU da dama sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai bisa tuhumar zagin sarki ko yin taro ba izini, kuma Hajiya Gambo Sawaba na cikin waɗanda suka fi shan wannan ɗauri. Alƙalin da albashinsa da rawaninsa ke hannun En'e, ta yaya zai manta sabo idan mai ƙara En'e ce da kanta? Akwai alƙalan da suka tsaya a kan gaskiya a wancan zamani, amma tabon da ya samu sunan kotun bai gogu da wuri ba.

Gab da samun 'yancin kai, a 1958, gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan da Farfesa Anderson daga Landan, da wakilai na gida. Shawararsu ce ta haifar da kundin dokokin laifuka na Arewa wanda ya fara aiki a 1960, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Shaikh Abubakar Gumi ya shugabanta daga 1962. Bayan sojoji sun karɓi mulki, dokar 1967 ta soke kotunan sarakuna, ta cire kotunan alƙalai daga hannun En'e ta mayar da su ƙarƙashin gwamnati da sunan kotunan yanki, waɗanda jama'a ke kira eriya kot.

Akwai wani abu guda a wannan tarihi da ya kamata mai nazarin wasan kotu ya riƙe. Duk tsawon wannan lokaci doka ba ta yarda lauya ya tsaya wa kowa a gaban alƙali ba. Mai ƙara da wanda ake ƙara su ke magana da bakinsu. Sai bayan tsarin mulkin 1979 ne aka buɗe wa lauyoyi wannan ƙofa. Shi ya sa a wasan kotu na Amurka lauya ne gwarzo, a namu kuwa alƙali ne. Ai talaka bai san wani mai ceto a kotu ba sai shi wanda ke kan kujerar.

YADDA ALƘALI YA SHIGA AKWATIN TALABIJIN

Mu mutanen wannan yanki muna da hannu a tarihin rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa. Wasan Marafa, wanda Abubakar Tunau mutumin Mafara ya rubuta aka buga a 1949, yana cikin na farko da Bahaushe ya rubuta da kansa. Wasa ne na wayar da kai, kuma a kan wannan turba ta faɗakarwa wasannin da suka biyo baya suka tafi. A Kano kuma, Alhaji Maitama Sule tun yana malamin makarantar Midil ya riƙa koya wa ɗalibai wasan kwaikwayo, kuma daga ƙungiyar wasan da ke ɗauke da sunansa ne su Daudu Galadanci suka fito.

Talabijin ta iso Arewa a 1962 da buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. A tsakiyar shekarun 1970 jihohi suka fara buɗe nasu, a 1977 kuma gwamnatin tarayya ta haɗe su duka ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda muka sani da NTA. Kowace tasha ta yi wasan da aka san ta da shi. Kaduna na da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karambana na Ƙasimu Yero. Jos na da Karkuzu. Sakkwato, wadda ita ce tasharmu a lokacin da muke cikin tsohuwar jihar Sakkwato, tana da Idon Matambayi. Kano kuma ta kawo Kuliya. Akwatin talabijin bai yawaita ba a lokacin, gida ɗaya ne zai tara yaran unguwa da manyansu a tsakar gida, saboda haka abin da aka nuna da dare shi ne hirar majalisa da safe.

Dubi lokacin da Kuliya ya bayyana. Shekara goma ko fiye kaɗan da raba alƙali da En'e, mutanen da suka sha ɗaurin siyasa suna nan da ransu, kotun yanki kuma sabuwa ce tana neman jama'a su yarda da ita. A irin wannan yanayi aka zaunar da wani dattijo mai rawani a gaban kyamara, ana kawo masa rigingimun da kowa ya sani a unguwarsa, yana sauraron kowane ɓangare, yana bin diddigi, ya kuma ba mai gaskiya gaskiyarsa. Mai kallo yana nishaɗi, yana kuma koyon yadda ake tsayawa a gaban shari'a: cewa kawo hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa, kuma babbar riga ba ta zama shaida. Ga wanda bai taɓa taka kotu ba, ko matar da ke cikin kulle wadda wata rana za ta iya neman haƙƙinta na gado, wannan makaranta ce babba.

ME YA SA KULIYA BAI CANZA BA?

Wasannin wancan zamani kowane mako da labarinsa. A ɗauko matsala, a warware ta kafin lokacin shirin ya cika, mako mai zuwa a ɗauko wata. A irin wannan gini, babban ɗan wasa ba ya sauya hali. Samanjan bara shi ne Samanjan bana, da faɗansa da gaurayen Hausa da Turancinsa na bariki. Karkuzu ma haka. Mai kallo na dawowa ne don ya tarar da mutumin da ya sani yadda ya bar shi. Waɗanda ke sauyawa su ne masu zuwa da wucewa, wato maƙaryacin da asirinsa ya tonu ya yi nadama, ko azzalumin da aka karɓe haƙƙin wani daga hannunsa.

Ga Kuliya kuwa, rashin canzawar shi ne saƙon kansa. Jama'ar da ta ga alƙalai na lanƙwasa a gaban masu iko tana bukatar ta ga wanda ba ya lanƙwasa, ko da a akwati ne. Da an nuna shi yana kokawa da zuciyarsa, yau ya tsaya gobe ya karkata, da manufar shirin ta rushe. Kuma kada mu manta gidan talabijin ɗin na gwamnati ne, a zamanin da sojoji suka fi daɗewa a kan mulki. Nuna alƙali nagari abu ne da kowa zai yi na'am da shi. Nuna wanda ke buga masa waya daga sama kuwa wata magana ce daban.

Abin da wannan gini ya bari a baya shi ne hanyar da mutum ke bi kafin ya zama Kuliya. Mun gan shi ya riga ya manta sabo, ba mu ga ranar da ya fara koyon mantawar ba, ba mu ga abin da ya rasa a dalilinta ba. Haka nan zaman da ke tsakanin ma'aikatan kotu, wanda a zahiri nan ne gaskiya ke tsira ko ta mutu, bai zama jigon labari ba.

A nan mutanen gabas sun bi wata hanya da ta cancanci a duba. A NTA Inugu an yi wani shirin barkwanci na kotu mai suna Icheoku, wanda aka gina a kan kotun zamanin Turawa. Baturen da ke shari'a ba ya jin Ibo, masu ƙara ba sa jin Turanci, saboda haka komai na hannun tafinta, shi kuwa yana juya magana yadda ya ga dama. Dariya ake yi, amma darasin mai nauyi ne: ƙaramin ma'aikacin da ke tsakanin talaka da mai hukunci yana iya fin mai hukuncin iko. Duk wanda ya taɓa bin sawun takardarsa a wani ofishi ya san haka.

Su ma Amurkawa ba da Suits suka fara ba. Shirin Perry Mason, wanda aka nuna daga 1957 zuwa 1966, kusan ginin Kuliya ne da shi. Kowane mako da shari'arsa, lauyan kusan kullum shi ke nasara, sakatariyarsa Della Street da mai yi masa bincike Paul Drake suna nan yadda suke shekara da shekaru. Sai a shekarun 1980, da shirye-shirye irin su L.A. Law, aka juya kyamara daga zauren kotu zuwa cikin ofis, aka fara bin rayuwar ma'aikatan daga mako zuwa mako. A Legas ma an bi wannan sawu a 2018 da Castle & Castle, labarin miji da mata lauyoyi masu kamfani ɗaya, inda saɓanin aiki ke bin su har gida. Su sun wuce matakin farko sun shiga na biyu. Mu kuwa da fim ɗin bidiyo ya zo daga 1990, soyayya da rikicin gida suka mamaye kasuwa, kotu ta koma wurin da ake zuwa a ƙarshen fim don a ɗaure mugu a rufe labari.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFE MU A ZAMFARA

Wani zai ce wannan ai zancen nishaɗi ne. Ga ɗan Zamfara ya wuce nan. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, dokar laifuka ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000, kotunan yanki suka koma kotunan shari'a. Ikon da aka cire wa alƙali tun zuwan Turawa ya dawo hannunsa. A watan Maris na 2000, a nan Talatar Mafara aka zartar da hukuncin haddi na farko a kan Buba Bello Jangebe bisa satar saniya, labarin ya zagaya duniya. Jaridun gida da na waje sun yi ta muhawara a kan dokar. Amma a bayan kowane hukunci mai nauyi irin wannan akwai mutane: wanda ya rubuta bayanin shaidu, wanda ya gabatar da ƙara, wanda ya yi i'izari ya tambayi mai laifi ko yana da sauran magana, da wanda ya sa hannu. Kowannensu ya koma gida a daren ya kwanta da abin da ke zuciyarsa. Idan iko ya ƙaru, bukatar mai riƙe da shi ya manta sabo ita ma ƙaruwa take yi.

Sannan ga halin da muke ciki. Daga Maradun zuwa Bakura, daga Kaya zuwa ƙauyukan da ke bakin daji, babu gidan da rashin tsaro bai taɓa ba. Idan ana bahasin asalin wannan masifa, dalilai da yawa ake kawowa, amma akwai wanda ke yawan dawowa a bakin manoma da makiyaya baki ɗaya, wato rashin adalci a ƙananan rigingimu. Shanu sun yi ɓarna a gona, ko an nome burtali, an je gaban hukuma, wani ya fito yana ganin an cuce shi don abokin shari'arsa ya san wani, ko don an ga yana da abin da za a tatsa. Wannan ba ya halatta wa kowa ɗaukar makami, kuma jinin bayin Allah da aka zubar ba shi da uzuri. Sai dai duk ranar da mutum ya fid da rai daga kotu, to ya fara tunanin wata hanya. Yarda da alƙali na cikin abubuwan da ke riƙe gari, kamar yadda rijiya da kasuwa ke riƙe shi.

Wasan kwaikwayo ba zai gyara kotu ba. Abin da yake iyawa shi ne ya sa jama'a su san yadda gaskiya ke tafiya a cikinta, da wuraren da take yin tuntuɓe, ya kuma sa yaro mai tasowa ya yi sha'awar zama irin ma'aikacin da ba a saye.

RABIN DA YA RAGE

Yanzu kayan aikin sun samu. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta nuna da Daɗin Kowa cewa mai kallon Hausa zai bi mutum shekara da shekaru yana ganin yadda rayuwa ke juya shi. Kwana Casa'in kuma, da garinsa na Alfawa da gwamnansa Bawa Maikada, ya nuna ana iya taɓa masu iko da abin da ke gudana a ofisoshinsu, jama'a kuma su karɓa. Ga YouTube ya sauƙaƙa fitar da shiri mai dogon zango. Abin da ya rage marubuci ya shiga kotu da idon mai lura.

A ɗauki misali da kotun shari'a a wani ƙaramin gari irin namu. An turo sabon alƙali matashi, ya fito daga makaranta da karatunsa da kyakkyawar niyya. Ya tarar da rajistara wanda ya shekara ashirin a wurin, ya ga zuwan alƙalai da tafiyarsu, ya san gidan kowa da asalin kowace gona. Alƙalin ba zai iya aiki ba sai da shi, domin shi ya san inda kowane fayil yake, shi ya san wane shaida ne ɗan haya. Amma ta hannunsa ne kuma buhun shinkafa ke isa gidan alƙali ba tare da an ce daga wa ya fito ba. Ga masinja da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wanda kuɗin mai da masu ƙara ke ba shi su ne cefanen gidansa. Ga ɗan sanda mai gabatar da ƙara da ke karɓar umarni daga wani ofishin dabam. Ga matashiyar lauya da ke zuwa daga Gusau, wadda sai ta yi haƙuri da kallon raini kafin a saurari hujjarta. Ga sufeton kotuna da ke iya zuwa ba sanarwa.

Babu mugu tsantsa a cikin waɗannan, kuma a nan daɗin labarin yake. Rajistaran da ke kawo buhu shi ne kuma ya taɓa ɓoye fayil don kada a cinye gonar marayu. Wata rana za a kawo ƙarar ɗan mutumin da ya ba alƙali gidan zama kyauta lokacin da ya iso garin ba shi da kowa. Ran nan za a ga ko ya cancanci kirarin. Idan ya yi gaskiya, matarsa za ta ga an daina gaishe ta a gidan biki, a masallaci za a riƙa matsawa daga gefensa, ƙila ma takardar canjin wurin aiki ta iso kafin wata ya ƙare. Idan ya karkata, ba wanda zai sani sai rajistara, kuma daga ranar ya zama bawansa. Shiri mai zango biyar zai iya bin wannan mutum daga tsoro zuwa tsayuwa, ko daga tsayuwa zuwa lalacewa, mai kallo na ganin kowane taki.

Mai son rubuta irin wannan sai ya yi ɗawainiya. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, sai ya je ya zauna a benci na baya ya ji yadda ake cewa Allah gafarta Malam, yadda ake ɗage shari'a, yadda ake tantance shaidu, yadda ake raba gado da hukuncin hul'i da rigimar jinginar gona. Ya zauna da tsofaffin alƙalai da magatakardan da suka yi ritaya, suna nan a garuruwanmu da labarai cike da baki. Kada ya kwaso kotun Amurka da lauya mai zagaya zaure yana daka tsawa ya sa mata rawani, domin mai kallo zai gane ba tamu ba ce. Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Marubucin da ya san kan aikinta ba zai rasa abin da zai riƙe mai kallo da shi ba.

Su Alhaji Daudu Galadanci sun yi nasu a lokacin da ake bukatar a ga alƙali tsayayye, da kyamara ɗaya ko biyu da ɗan abin da gidan talabijin ke biya, kuma har yau idan aka ce Kuliya dattawa sun san wanda ake nufi. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Namu aikin shi ne mu nuna abin da ake biya kafin a kai wannan matsayi, da mutanen da ke kewaye da kujerar waɗanda ke taimaka wa mai ita ya tsaya ko su ja shi ƙasa.

Iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure da suka kalli Kuliya a lokacinsa, muna roƙon ku ba mu abin da kuke tunawa na shari'o'in da aka yi a ciki da sauran 'yan wasan, domin irin wannan tarihi a bakin mutane ya fi yawa. Ma'aikatan shari'a da ke tare da mu kuma, ƙofa a buɗe take ku ƙara mana haske. Allah ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon yin adalci, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.